Gishirin hanya ne babban abokin gaban sarƙar taya

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi lokacin hunturu, direbobi kan ɗaura wa tayoyin mota sarƙar ƙarfe domin taya ta kama ƙasa, kada motar ta zame a kan santsi.

Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ne ya yi rajistar mallakar fasahar a shekarar 1904, kuma a yau lamarin ya shiga dokokin ƙasashe da dama.

A Faransa, tun daga shekarar 2021, tilas ne motar da ke bin wasu yankunan tsaunuka ta kasance da tayoyin hunturu, ko kuma da sarƙa a ajiye cikinta, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A Jamus kuwa, wanda ya ɗaura sarƙa ba ya wuce gudun kilomita 50 a awa guda.

To sai dai sarƙar ba ta yin aiki sai 'yan kwanaki a shekara. Sauran watannin tana kwance ne a gareji, kuma a wannan kwanciya ne akasari take lalacewa.

Yadda tsatsa ke kama ta

Ƙarfe na yin tsatsa ne idan ya haɗu da ruwa da iska. Abin da ke hanzarta lamarin shi ne gishirin da hukumomi ke watsawa a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, saboda ruwan gishiri ya fi tsabtataccen ruwa saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba.

Wani nau'in gishirin da ake amfani da shi a tsananin sanyi ma yakan jawo danshi daga iska. Ke nan sarƙar da aka cusa cikin jakar leda ba tare da an wanke ta ba za ta ci gaba da zama a jiƙe har tsakiyar bazara.

Masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, sun san aikin wannan gishiri: shi ne ke barin jar tsatsa a ƙarƙashin mota.

Ba kowace tsatsa ce ke kashe sarƙa ba

Jar ƙurar da ta tsaya a saman ƙarfe ba abin damuwa ba ce, domin takan goge da kanta da zarar sarƙar ta hau hanya. Abin dubawa shi ne kaurin zobban, musamman inda suke gugar juna da inda suke taɓa kwalta.

Idan zobe ya cinye har ya kai rabin kaurinsa na asali, ko ya tsage, ko kuma tsatsa ta yi masa ramuka masu zurfi, to wanki ba zai mayar da ƙarfen da ya tafi ba. Irin wannan sarƙa sai dai a sauya ta.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. Sarƙar da ta tsinke mota na tafiya takan riƙa dukan jikin motar kamar bulala, kuma tana iya yanke bututun man birki a daidai lokacin da direba ke gangarowa daga tsauni.

Wadda ƙarfenta ke da sauran ƙarfi, ana fara wanke ta da tsabtataccen ruwa, sannan a kankare ta da burushin ƙarfe. Wasu manoma da direbobin manyan motoci kan ja ta a bayan mota a kan hanyar tsakuwa, ko su juya ta tare da yashi cikin injin kwaɓa siminti.

Mutane da yawa kuma kan jiƙa ta cikin ruwan khal na kwana guda. Yana cire tsatsar, amma a nan akwai buƙatar hattara. Tsamin na cinye rufin zinki da ke kare sarƙar, irin wanda ake yi wa kwanon rufin gida, kuma idan ta daɗe a ciki yana iya sa taurarren ƙarfe ya zama mai saurin karyewa. Don haka bai kamata a kai ga khal ba sai burushi ya gaza.

Wanda ya yi amfani da shi sai ya ɗauraye sarƙar da ruwan da aka narka bekin soda a ciki domin kashe tsamin, ya busar da ita nan take, saboda ƙarfen da aka kankare kan sake yin ja cikin 'yan sa'o'i.

Ajiya

Bayan ta bushe sarai, sai a shafa mata mai kaɗan, a kuma kiyaye kada ya taɓa igiyoyin roba da ke ɗaure ta a jikin taya, domin mai na lalata roba.

An fi so a rataye ta a bango inda iska ke ratsawa, maimakon a jibge ta a kan daɓen siminti mai tara danshi. Ratayewar na hana ta sarƙewa, abin da direba ba zai so ya tsaya warwarewa a bakin hanya cikin dare da sanyi ba.

Kafin hunturu ya shigo, ya kamata a gwada ɗaura ta a gida, musamman idan an sauya mota ko tayoyi, domin kowace sarƙa da girman tayar da aka ƙera ta dominsa.