UWARGIDA, KI LURA: ABINCI NA IYA TOSHE NUMFASHIN YARO

Ya ku iyaye mata na Daurawa, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ku karanta wannan, ku kuma faɗa wa wadda ba ta zo awo ba.

MENE NE WANNAN CIWO?

Akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar wani abinci, ko da abincin mai kyau ne, kowa a gida ya ci lafiya. Likitoci suna kiran wannan alaji. Sojojin jiki masu yaƙi da cuta su ne ke kuskure, su ɗauki abincin abokin gaba. Sai su saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. In abin ya tsaya a fata, shi ne borin jini da kika sani. In ya kai maƙogwaro da huhu kuwa, sai hanyar iska ta kumbura, ta tsuke, majina ta taru a ciki. Faɗin maƙogwaron ƙaramin yaro bai wuce ɗan ƙaramin yatsansa ba. To, kin ga kumburi kaɗan ya isa ya toshe shi.

ABINCIN DA YA FI KAWO SHI

Gyaɗa, ƙwai, madarar shanu, kifi, waken suya, riɗi da alkama. Ki tuna gyaɗa tana ɓuya cikin ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, yajin tsire da kilishi. Awara daga waken suya ake yin ta, kantu kuwa daga riɗi. Ɗan lasa kaɗan ma yana iya tayar da ciwon.

ALAMUN HATSARI

Sukan bayyana cikin 'yan mintoci, ko kafin awa 2 bayan cin abincin:

1. Leɓe, harshe ko fuska su kumbura.
2. Murya ta dushe, ko kukan jariri ya sake.
3. Tari ba ƙaƙƙautawa, ko numfashi yana ƙara kamar usur.
4. Haƙarƙari yana lotsawa in ya ja numfashi.
5. Ya kasa haɗiyar yawu.
6. Jiki ya saki, ya yi fari fat, ko ya suma.

Ko ɗaya kika gani cikin waɗannan, kada ki jira ta biyu. Wani yaron numfashinsa yakan toshe ba tare da ko ɗigon borin jini a fata ba. Yaro mai ciwon fuka, watau asma, shi ya fi shiga hatsari.

ABIN DA ZA KI YI

1. Ki tsayar da abincin nan take.
2. Ki nufi asibiti mafi kusa. Kada ki jira gari ya waye, ko sai maigida ya dawo. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya yana karɓar yara masu ciwon gaggawa dare da rana.
3. Kada ki goya shi a baya. Ki riƙe shi a gaba inda kike ganin fuskarsa. In numfashi ke ba shi wuya, ya zauna. In jiri yake ji, ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafafunsa. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa.
4. Da isarki ki faɗa wa nas abin da ya ci, da lokacin da ya ci.

Maganin wannan ciwo allurar adirenalin ce, a cinya ake yin ta. Piriton yana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro. In an ce ku kwana, ki yi haƙuri ki zauna, domin ciwon yakan dawo bayan wasu awoyi.

ABIN DA BA ZA KI YI BA

Kada ki ɗura masa manja, madara ko jiƙo, zai shaƙe. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai. Kada a yi masa hayaƙi. Kada a kai shi wurin wanzami wai belu ne ya sauko. Yanka wurin da ya kumbura ƙara toshe shi yake yi.

RIGA-KAFI

Nono zalla har wata 6. Daga nan ki soma ba shi sabon abinci ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da rana, kina kallonsa. Kada tsoro ya sa ki hana lafiyayyen yaro ƙwai da gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Ingila kan jarirai 640, aka bayyana a 2015, ya nuna soma ba da gyaɗa da wuri yana rage wannan ciwo ƙwarai. Amma a niƙa ta a dama cikin kunu, ban da tsabarta, domin tana maƙalewa. Jariri mai yawan kirci da ƙaiƙayin fata, likita ya fara ganinsa tukuna.

In ya taɓa faruwa da ɗanki, a rubuta sunan abincin a katinsa na asibiti. Ki sanar da kakarsa, da mai rainonsa, da malaman makarantarsa da na Islamiyya. Kada ki sake gwada abincin a gida wai ko ya saba. Yara da yawa sukan rabu da alajin ƙwai da madara in sun girma, na gyaɗa da kifi kuwa yakan daɗe. Likita ne zai faɗi lokacin gwadawa.

In kina da tambaya, ki yi wa nas magana yau kafin ki tafi gida. Allah Ya raya mana su.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano