Kafin Ka Saya Wa Yaro Abin Busa: Darasin Da Hunturu Ya Koya Mini

Na kusa shekara 30 ina sayar da albasar Galmi a Kumasi. In ka ajiye mini buhu, ko ban kwance bakinsa ba, hancina zai gaya mini ko akwai ruɓaɓɓiya a ciki. Shi ya sa nake ganin babu hajar da za a cuce ni a kanta. Sai bara waccan wani abin busa ya nuna mini iyakata.

Autana ne, da ke sakandare, ya dawo gida ya ce an ɗauke shi cikin 'yan badujalar makaranta. Na makarantar ba su isa kowa ba, malami ya ce mai hali ya sayi nasa. "Baba, kilarinet nake so," in ji shi. Uwarsa ta ce mu dai ba mu gaji busa ba, kada yaro ya zama maroƙi. Muka yi yarjejeniya: ba zai taɓa Islamiyya ba, kuma ranar da sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, busa ta ƙare.

Washegari na shiga wurin 'yan gwanjo, na ga wani baƙi wul, na katako, maɓallansa na walƙiya cikin akwati. Na taya, na rage, na biya, ina ta murna na yi ciniki. Ko busa shi ban sa an yi ba. Yaro ya yi mako biyu yana fama, sauti na fita kamar kukan agwagwa. Da hunturu ya shigo a Disamba, sai ga tsaga a jikinsa tsakanin ramuka biyu. Ribar buhuna da dama ta tafi ke nan.

Da kunya na je wurin malamin. Ya duba, ya ce, "Alhaji, da ka zo tun farko." Abin da ya koya mini, da wanda na bincika daga baya, shi nake so in raba da 'yan'uwa.

Da farko, ba jikin abin busa ne ke nuna danginsa ba, bakinsa ne, wato yadda sautin ke tashi. Dangi na ɗaya su ne waɗanda iska ke bugun kaifin rami ta rabu biyu, kamar sarewar makiyaya. Nan ne sarewar Turawa ta ƙarfe take, da ƙaramar sarewar roba ta 'yan firamare, da atenteben ta nan Gana. Ita atenteben da gora ake yin ta, ramukanta 7, shida a sama ɗaya a ƙasa. Ephraim Amu, malamin kiɗan nan da ya rasu a 1995, shi ya gyara ta har ta shiga makarantu.

Dangi na biyu su ne masu harshe ɗaya: wani ɗan siririn kara da ake ɗaurewa a bakin abin, iska na kaɗa shi yana rawa. Masu sana'ar na ce masa rid. Kilarinet da saksofon na nan. Kada ƙarfen saksofon ya ruɗe ka. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi masa rajista a 1846 da jikin tagulla, amma saboda wannan harshen ake lissafa shi tare da na katako. Dangi na uku masu harshe biyu ne a haɗe. Algaitarmu ta fada ke nan, da 'yar'uwarta ta Turai mai suna obo. Kakaki kuwa ba ya cikinsu, don leɓen mai busa ne ke rawa, shi ɗan'uwan begila ne.

Me ya sa ɗan kasuwa zai damu da wannan? Don nan kuɗin yake. Sarewa ba ta cin komai bayan saye. Mai harshe kuwa kamar babur ne, kullum sai ka zuba masa wani abu. Rid na lalacewa cikin 'yan makonni, kuma lamba gare shi: mai koyo da 2 ko 2.5 yake farawa, in ka saya masa mai tauri sai ya yi ta cika kumatu a banza. Obo kuwa tsada gare shi, harshensa ga saurin karyewa, mai gyaransa ga wuyar samu a ƙasashenmu.

Sai ka dubi yaron kansa. Wanda bai kai shekara 9 ko 10 ba, yatsunsa ba za su rufe ramukan kilarinet da kyau ba. Fara masa da atenteben ko sarewar roba, in sha'awar ta wuce bayan wata biyu ba ka yi asara ba. Saksofon, ko matsakaicin, ya kai kilo 2, kuma a wuya ake rataya shi.

Sannan ka dubi garin da kake. Kilarinet na ƙwararru da wani baƙin itace ake yi, wanda ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik. Yana da daɗin sauti, amma katako ne: cikinsa na shan danshin numfashi ya kumbura, wajensa na bushewa da iskar hunturu, sai ya tsage. Nawa ke nan. Mai zaune a Yamai ko Injamena ya fi ni buƙatar jin wannan. Na ɗalibai da roba mai ƙarfi ake yi, ba ruwansa da hunturu ko damina, ga shi ya fi sauƙin kuɗi.

In gwanjo za ka saya, ba laifi, amma kada ka je kai kaɗai. Tafi da malami ko wanda ya iya. A haɗa gaɓoɓin nan biyar na kilarinet a ga sun zauna daram ba sa girgiɗi. A busa sautin da ya fi kauri, na can ƙasa, don shi ke tona asirin yoyon iska. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan matoshi mai laushi. Sa siririyar takarda, ka danna, ka ja. In ta zare ba tare da ta riƙe ba, iska na zurarewa a nan. Nawa, matosai huɗu sun mutu tun kafin in saya, shi ne kukan agwagwar da na ɗora wa yaro laifinsa. Kuma kafin ka biya, tambayi inda mai gyara yake da inda ake sayar da rid. Abin da ba shi da makaniki a garinku ado ne kawai.

Bayan saye, a riƙa zura tsumma a tsane cikinsa duk bayan busa, kada a bar shi a rana, kuma kada yara su riƙa karɓa-karɓar rid baki da baki.

Karo na biyu tare da malamin muka je, muka ɗauko na roba, mara ƙyalli. Ranar 6 ga Maris, da 'yan makaranta suka fito faretin 'yancin kai, na rufe rumfa na je. Uwarsa, mai cewa ba mu gaji busa ba, ita ta fara hango shi cikin layi, tana taɓa ni tana cewa, "Alhaji, ga shi can!" Tsagaggen kuwa yana nan a shago, saman shanta. Duk ranar da na ji kaina ya fara girma a ciniki, sai in ɗaga ido in dube shi.