Rage hayaƙin injin gaz da idrojen: gwajin Dankerk da Delhi

A shekara ta 2009, a birnin Dankerk na arewacin Faransa, an saka motocin bus biyu kan hanya, suna ɗaukar fasinja da wani makamashi gauraye: kashi 80 cikin ɗari gaz na ƙarƙashin ƙasa, kashi 20 kuwa iskar idrojen. A 2020 birnin Delhi na Indiya ya yi irin wannan gwaji da bus 50, da idrojen kashi 18, wanda kamfanin Indian Oil ya tanada. Delhi kuwa ta daɗe da sanin ciwon hayaƙi, domin tun 1998 Kotun Ƙoli ta umarta a mayar da bus ɗin birnin kan gaz.

Kada mai karatu ya ɗauka gaz ɗin kwalbar girki ake nufi. Na girki butan ne, irin wanda matatar SORAZ ta Zinder ke fitarwa. Wannan kuwa metan ne. Hayaƙinsa bai kai na gazuwal baƙi ba, amma ba a ce babu illa ba: yana fitar da gubar karbon, da oksid na azot mai cutar da huhu, da ragowar metan wanda bai ƙone ba.

To, mene ne amfanin idrojen? Wutarsa ta fi ta metan sauri nesa ba kusa ba, kuma yana kamawa ko da kashi 4 cikin ɗari ne kaɗai a cikin iska. Saboda haka idan aka gauraya su, ana iya ba inji iska mai yawa da makamashi kaɗan, wutar ba ta mutu ba. Iskar da ta yi yawa tana rage zafin ƙuna, oksid na azot kuwa zafi ne ke haifar da shi. Nan ne asirin yake. Amma in aka zuba idrojen ba a sake daidaita injin ba, wato yawan iska da lokacin tartsatsi, zafi ƙaruwa zai yi, oksid ɗin ma ya ƙaru. Aikin makaniki a nan ya kai na masanin kimiyya muhimmanci.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ma'aikatan gwamnati su riƙe kafin su sa hannu a kan takarda. Kashi 20 ɗin nan awon cika ne. Idrojen ba shi da nauyi, ƙarfin da yake bayarwa a cikin gaurayen bai wuce kashi 7 ba. Ke nan iskar karbon mai ɗumama duniya ba za ta ragu fiye da wajen kashi 7 ba, tankin motar kuma ba zai kai ta nisan da yake kai ta a da ba. Idrojen yana kuma raunana wasu nau'o'in ƙarfe, dole a duba kwalaben ajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne asalinsa. Mafi yawan idrojen na duniya daga gaz ake ciro shi, da tururi mai zafi, karbon ɗin kuwa ya fita a ma'aikata maimakon bututun mota. Mazauna birni sun samu sauƙin numfashi, wannan gaskiya ce. Ribar yanayi kuwa sai an raba ruwa da lantarkin rana ko na iska, kuma har yanzu wannan hanya ta fi tsada.