Yadda ake huda bango a cikin kwamfuta

Mai zanen gini da ke son buɗe taga a bangon da ya zana a kwamfuta, sai ya zana akwati daidai girman tagar, ya cusa shi cikin bangon, sannan ya umarci manhaja ta debe shi. Akwatin ya ɓace, gurbin taga ya bayyana.

Ana kiran wannan dabara Boolean, daga sunan George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila wanda ya rasu a shekarar 1864.

Dabarar kan haɗe siffofi biyu su zama ɗaya, ko ta cire ɗaya daga ɗayar, ko kuma ta bar inda suka ratsa juna kaɗai. Da irin wannan haɗawa da ragewa ne kamfanin MAGI na Amurka ya ƙera baburan fim ɗin Tron na 1982.

Sai dai fa akwai sharaɗi. Wajibi ne siffar ta kasance a rufe ruf, tamkar tulun da ba ya yoyo, domin kwamfuta ta bambance ciki da waje. Idan akwai ɓula, ko fuskoki biyu suka kwanta daidai a kan juna, aikin yakan dagule, har injin da zai buga siffar ya ɓarnata kayan aiki.

Shi ya sa ƙwararru kan tsawaita akwatin ya ɗan zarce kaurin bangon. A 2020 manhajar Blender, wadda kyauta ce, ta ƙara sabuwar hanyar lissafi da ta rage matsalar, ko da yake ta fi tsohuwar jan lokaci.