Mai Jego Tana Kuka, Mu Kuma Muna Cewa Ba Ta Da Godiya

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Bari in fara da tambaya. Ranar da kika je barka ta ƙarshe, me kika tambayi mai jego? Na san amsar. "Sannu, an sauka lafiya? Ya ruwan zafi? Nono ya zo?" A karɓi jariri, a ce ya ɗebo hancin babansa, a ajiye sabulu da turmin atamfa, a kama hanya. Ni ma haka nake yi. Ban taɓa jin wanda ya zauna kusa da ita ya ce, "Kina samun barci kuwa? Me ke ranki?" ba.

Kar ku ce na zo kushe al'ada. Wallahi wajen kula da jikin mai jego, Bahaushe ya yi ƙoƙari. Ga wanka safe da yamma, ga kunu, ga gasasshen nama, haihuwar fari ma a mayar da yarinya gidan iyayenta har ta yi arba'in. Akwai ƙasashen da mace za ta haihu yau, jibi tana gida ita kaɗai da jariri. Matsalar ita ce duk hidimar nan a kan jiki ta tsaya.

To ga abin da ke faruwa a ciki. Wata tara na goyon ciki, wasu sinadarai da ake kira homon suna hauhawa sosai a jikin mace. Da mabiyiya ta fita, cikin 'yan kwanaki sai su faɗo warwas. Ki haɗa da zubar jini, ciwon ɗinki, da rashin barci. Shi ya sa kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa mata da yawa ke tsintar kansu suna kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata musu rai. Wannan ba ciwo ba ne, kuma yakan wuce da kansa kafin sati biyu. Ku lura fa, tsakiyar wannan lokacin ne muke cika gida da taron suna, mu ce ta yi kwalliya ta fito a yi hoto.

Idan sati biyu ya wuce abin bai tafi ba, ko ma yana ƙaruwa, to magana ta canza. Ba ta jin daɗin komai. Jariri ya yi barci amma ita idonta biyu. Abinci ba ya shiga. Kullum tana ganin ita ba uwa ta gari ba ce, ko tsoro ya cika ta cewa wani abu zai sami yaron. Wata ma za ta kalli jaririn ta ji ba ta jin komai a kansa, sai ta tsani kanta saboda hakan. Wannan shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma sau da yawa tun tana da cikin yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya kusan kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 16 lokacin ciki, kusan 20 bayan haihuwa. Wato in kin je barka gida biyar, akwai yiwuwar ɗaya daga cikinsu tana cikin wannan hali, kuma ta yi miki murmushi.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna, wato kunyar ɗan fari. Mun san ana so yarinya ta nuna kara, kar ta riƙa rawar jiki a kan ɗanta gaban manya. To yarinyar da ciwo ya sa ba ta son ɗaukar jaririnta, ba ta magana, ta juya fuska bango, me za a ce? "Kai, wance akwai kunya!" Yabo ma za ta sha. In kuma ta yi ƙarfin hali ta ce ranta ba daɗi, sai a ce, "Ke da Allah ya ba ki, wasu shekara goma suna nema." Daga ranar ta rufe bakinta.

Nau'i mafi haɗari ba shi da yawa, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 yake samu, kuma yawanci cikin sati biyun farko yake bayyana. Za ta kwana biyu ba ta runtsa ba, tana surutai marasa kan gado, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. A nan ne ake cewa iska ce ta shafe ta, ko kishiya ta yi mata asiri. Ban hana kowa addu'a ba, a yi ta sosai. Amma wannan ciwon gaggawa ne kamar jijjiga, a ranar ake kai ta asibiti, kuma ba a barinta ita kaɗai da jariri ko na minti biyar. Ana warkewa in an kai da wuri. Haka duk wadda ta furta cewa gara ta mutu, kar a ce shagwaɓa ce.

Yanzu ga wadda na fi so mu yi magana a kanta: wadda ta dawo gida hannu rabbana.

Wata 'yar'uwata ta haihu a wata na tara, yaron bai zo da rai ba. Kafin ta dawo hayyacinta maza sun kai shi makwancinsa, ko fuskarsa ba ta gani ba. An tattare kayan jariri an ɓoye, da kyakkyawar niyya. Bayan kwana uku nono ya cika, yana zuba, yana mata ciwo, babu mai sha. Jikinta bai san yaron ya koma ba. Ba wanda ya gaya mata haka zai faru. Abin da ta riƙa ji daga bakin kowa shi ne, "Ki yi haƙuri, ke yarinya ce, za ki samu wani." Da daɗewa bayan nan ta ce da ni, "Ni ba wani nake so ba, shi nake so." Ni ma ina cikin masu cewa za ta samu wani, kuma har yau ina jin nauyin maganar.

Mai ɓari kuwa ko wannan jajen ba ta samu. A yi mata wankin ciki, ta kwanta kwana biyu, ta koma murhu. Alhali cikin kowane ciki 10 da aka san da shi, 1 zuwa 2 yana zubewa, yawanci a wata ukun farko, kuma kusan rabinsu daga matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun farko. Ba don ta ɗauki bokiti ba ne, ba don ta hau babur ba ne. Ku gaya mata wannan, domin tana can tana lissafin laifinta. In abin ya maimaitu sai a laƙa mata wabi, dangin miji su fara maganar ƙarin aure a gabanta. Ciki na gaba kuma ba murna a cikinsa, duk shiga banɗaki sai ta duba ko jini ne. Baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, a bar ta ta yi kukanta. Amma in watanni suna tafiya ba ta iya komai, ba ci ba barci, ita ma tana bukatar likita.

Magani akwai. Ba kowa ce ke bukatar ƙwaya ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa bisa tsari, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna damuwar ta ragu ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Akwai kuma wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbura tun 1987, minti biyar sun isa nas ta gano wadda ke bukatar taimako. Abin da nake so mu matsa a kai ke nan: yadda ake auna jini da nauyi a wajen awo, a riƙa yin tambayoyin nan, da ranar rigakafin jariri. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, don haka muna da abin kafa hujja.

Wadda ke bukatar magani kuma, akwai waɗanda likita kan bayar ko tana shayarwa. Likita na ce, ba mai kemis ba. A fara da asibitin da ta yi awo, a gwada har da ƙarancin jini, don shi ma yana kawo kasala. Daga nan za a iya tura ta Asibitin Malam Aminu Kano, ko Dawanau, ko Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri.

Maza kuma, ɗan'uwa, ragon suna ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Karɓi yaron bayan ta shayar, ta samu barcin awa huɗu a jere. In tana gidansu wanka, kar ka tsaya a zaure ka aika da leda, nemi izini ka gan ta. Tambaye ta, in ta ce "ba komai" ka sake tambaya gobe.

A nan za mu dakata. Wadda ke son ba da labarinta ba tare da an ambaci suna ba, akwatin saƙonmu a buɗe yake. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.