Aiki a Madina: Abin da Igama ke Faɗi

Duk wanda ya je ziyara Madina ya ga yadda garin ke cin ma'aikata. Otal-otal ɗin Markaziyya da suka kewaye Masallacin Annabi (SAW) ba sa rabuwa da neman masu shara, masu girki da direbobi. Kasuwar dabino na son masu dako da masu awo, ga tashar jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018. Sai Alhaji ya dawo Kano ya ce wa ƙanensa, "Can aiki ke neman mutum." Bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa.

A Saudiyya ƙarfin baƙo ko gwanintarsa ba su ke ba shi aiki ba, igamarsa ce, wato katin izinin zamansa a ƙasar. A jikin katin an rubuta sana'ar da aka kawo shi ya yi da kafilin da ya ɗauko shi. Wanda ya shigo a matsayin direban gida, ko ya fi kowa iya ciniki, ba shi da ikon tsayawa a shagon dabinon ajwa. Bizar Umara kuwa ba ta halatta ko da sharar ƙofar kanti, kuma wanda aka kama, tarhil, wato a kore shi zuwa ƙasarsa, ita ce makomarsa.

Wasu ƙofofin ma a rufe suke tun daga tushe. Tsarin Nitaƙat na 2011 ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa, sannan a 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa sayar da wayar salula da gyaranta. Matashin da ya ƙware a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san da wannan kafin ya sayar da gonar gado.

Inda ya kamata sabon shiga ya fi zuba ido shi ne bambancin ma'aikacin kamfani da ma'aikacin gida. Na kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago: awa 8 a rana ko 48 a mako, a rage wa Musulmi zuwa 6 a watan azumi, kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa shi aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. In kwantiraginsa ya ƙare yana da kuɗin sallama. Tun Maris 2021 kuma yana iya sauya kamfani bayan shekara guda ba tare da sa hannun kafili ba, ta manhajar Qiwa.

Wannan sauƙin bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida da makiyaya ba. 'Yan aikin gida da direbobin gida ta manhajar Musaned ake ɗaukar su, da ƙa'idojinsu daban. Baiwar Allah da ta bar gidan da aka kai ta saboda ba a biyan ta, kafili na iya kai rahoton hurub, wato ta gudu, har ta iya komawa wadda hukuma ke nema.

Sai kuma abin da dillalai ke tallatawa da sunan "biza hurra", wai ka biya, ka shiga, ka yi aikin da ka ga dama. Doka ba ta san da ita ba. Akwai kafili a takarda, yana karɓar rabonsa duk lokacin sabunta igama, ranar da aka kama ka kana yi wa wani aiki kuwa, kai za a sa a mota.