Zango-zango a kan keke: abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari

A wata rumfar mai faci da ke bakin hanyar Kano zuwa Kazaure na taɓa tarar da wani saurayi zaune a kan benci ya yi tagumi, kekensa a kife ƙafafu sama. Keke ne mai kyau, ɗan gwanjon Turai, giya birjik, ga jakunkuna biyu a kariya. Ya baro gida da niyyar kwana uku a hanya, tayar baya ta tsage tun a rana ta farko. Mai facin ya sauko da sabuwar taya daga inda take rataye. An rubuta 28 a jikinta, ta saurayin ma 28 aka rubuta. Aka gwada, ta ƙi zama, sai lilo take yi a kan wili. Aka sauko da wata, haka. Kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wilin tsofaffin kekunan da muka saba da su, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, milimita 635 ne daga baki zuwa baki, na keken Turai na zamani kuwa 622, amma dukansu inci 28 ake kiransu. Milimita 13 kacal suka mayar da yaron nan gida a bayan a-kori-kura.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane keke ya dace da tafiyar kwanaki, nakan fara tambayarsa hanyar da zai bi da irin kayan da ke rataye a rumfunan gyaran da ke kanta. Maganar tsada da sunan kamfani daga baya take zuwa.

Waɗanda suka riga kowa a wannan fage haka suka yi tunani. Thomas Stevens, haifaffen Ingila, ya tashi daga San Francisco a Amurka ranar 22 ga Afrilun 1884, ya kammala zagaya duniya a Japan a ƙarshen 1886. Kekensa irin mai ƙatuwar ƙafar gaba ne, ba sarƙa, ba giya, tayarsa dunƙulalliyar roba, domin sai a 1888 ne John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska. Dervla Murphy, 'yar ƙasar Ailan, ta hau keke a 1963 ta ratsa Turai da Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan har Delhi. Kafin ta tashi sai da ta sa aka cire wa keken giyarsa, don ta san idan ta lalace a tsakiyar duwatsun Afganistan babu mai gyara mata. Heinz Stücke kuwa ya bar garinsu a Jamus a 1962, ya shafe fiye da shekara 50 yana yawon duniya, mafi yawansu a kan wani keken ƙarfe mai giya uku. Ba cewa nake giya ba ta da amfani ba, za mu zo kanta. Abin lura shi ne kowannensu ya auna kayansa da hanyar da ke gabansa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan lissafi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, ba su taɓa auna tafiya da ƙarfin jiki ba. Madugu yana yanka hanya ne zango-zango, kuma ruwa da wurin kwana su ke nuna inda zango zai faɗa. Malaman fiƙihunmu sun ƙiyasta tafiyar ƙasaru da mil 48, kimanin kilomita 80, wato tafiyar kwana biyu ta dabba mai kaya. Mai keke da ya saba yakan cinye wannan a yini guda.

To amma kada sabon shiga ya ɗauki 80 ya ce ita ce ƙa'idarsa. Keke mai kaya a kan kwalta mai kyau yakan yi kamar kilomita 15 a awa. Awa huɗu zuwa biyar a kan sirdi sun isa, wato kilomita 60 zuwa 75, kuma ranar farko ta fi kowace gajarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya fito da ɗoki ya yi kilomita 120 a ranar farko, rana ta biyu ya lallaɓa, ta uku gwiwa da mazaunai su ƙi. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan kowace kwana uku ko huɗu a sa ranar hutu a cikin lissafi tun daga gida, a yi wanki, a duba keke.

Tsarin yini a ƙasarmu rana ce ke tsara shi. A tashi da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, a ci mafi yawan tafiyar kafin ƙarfe sha ɗaya, sannan a nemi inuwa a sauke kaya har la'asar. Ragowar kilomita goma ko ashirin a ƙarasa su da sanyin yamma, a shiga gari da sauran haske. Tafiyar dare babu ita ko kaɗan, komai hasken fitilar da mutum ya saya.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. A bazara, musamman Afrilu, zafin Kano da Sakkwato yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma wannan ba wahala kaɗai ba ce, haɗari ne ga rai. Damina tana da daɗin ganye da sanyi, amma hadarin yamma da laka sukan wargaza lissafi. Shi ma hunturu da nasa sharaɗin, wanda mutane da yawa ba sa kulawa da shi: iskarsa daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Zariya daga Kano tana bayansa tana tura shi, wanda ya nufi Daura ko Haɗejiya kuwa da ita zai yi ta kokawa. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, idan gudunta a jikinka ya ninka sau biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkawa. Kana gudun kilomita 15, iska mai gudun 15 ta taho ta gabanka, ka ga aikin da ya same ka. Idan da hali a tsara tafiyar ta bi bayan iska, a dawo a mota.

Ruwa shi ne kayan da ya fi kowane nauyi, kuma shi ne ba a rage shi. A cikin zafi jiki yakan zubar da gumin da ya kai lita guda a awa, wani lokaci fiye. Kowace lita kilo guda ce, saboda haka lita biyar kilo biyar ne a kan keke. A san tazarar da ke tsakanin wannan rijiyar burtsatse da ta gaba kafin a bar gari. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da gumi ya tafi da shi, shi ya sa nake ganin ƙullin gishiri da sukari ya fi wasu kayan tsada muhimmanci: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri kuwa ba sai an nemi na kanti ba. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi ba sa lalacewa, ba su da nauyi, kuma fura da ƙosai suna jiran mutum a kusan kowane gari. A riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta kama.

Yanzu ga keken kansa. Jikin ƙarfe ya fi na alminiyom nauyi, amma idan ya tsage kowane mai walda zai ɗinke shi ka ci gaba, alhali alminiyom sai da na'ura ta musamman. Birki mai waya kowane mai gyara ya san shi, mai aiki da mai kuwa idan ya zubar a ƙauye sai dai haƙuri. Tsohon birkin sanda na kekunanmu na gado yana da ƙarko, sai dai ba ya kamawa sosai idan wili ya jiƙe, ga kaya a baya, ga gangara. Taya mai inci 26 ta fi sauƙin samu a kasuwanninmu fiye da mai 622, kuma duk wadda mutum ya zaɓa, ya karanta lambar milimita da ke jikinta, ya tafi da guda ɗaya ta ajiya. Faɗinta ya kai milimita 40 zuwa 50, domin siririyar tayar tsere ba ta jure rami da yashi. A duba bawul ma: akwai irin na mota, akwai siriri na Faransa, akwai na tsofaffin kekuna, kuma ba kowane famfo ne ke hawa kowanne ba. Wanda zai sauka daga kwalta ya bi burtali ya san da tsidau, ƙayar nan mai kaifi da ke kwance a ƙasa, tana iya huda tub sau uku kafin azahar. Taya mai kaurin ciki, irin Schwalbe Marathon, tana rage wannan wahala ga mai halin saye. Marar hali ya yanka tsohon tub ya shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub.

Giya kuwa hanya ce ke yanke hukuncinta. Daga Kano zuwa Daura ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, keke marar giya ma zai kai. Amma mai hawa Jos, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ya fi ta tudu, yana buƙatar giya mai laushi ƙwarai, inda faifan gaba ke da haƙora 22 zuwa 26, na baya kuma 32 ko fiye. Yawan giya ba shi ne abin dubawa ba, a duba mafi laushinta. Ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, kamar sau 70 zuwa 90 a minti, maimakon a riƙa danna feda da ƙarfin tsiya. Gwiwa ba ta yafe wannan.

Sirdi ya fi komai korar mutane daga doguwar tafiya. Mai faɗi da laushi kamar katifa yana da daɗi a zagayen unguwa, amma bayan awa uku shi ke goge cinya. Mai ɗan tauri da ya dace da ƙashin mazaunai ya fi. Sirdin fata, irin na Brooks, sai ya sha ɗaruruwan kilomita kafin ya saba da jikin mai shi, don haka ba a sayen sa ana gobe tafiya. Tsayinsa kuwa ga ma'auni mai sauƙi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Yawancin masu keke a garuruwanmu sirdinsu ya yi ƙasa da yawa, shi ya sa gaban gwiwa ke ciwo. A sa wando marar kaurin ɗinki a tsakiya, a shafa man kaɗanya inda fata ke gogayya, a sa riga mai dogon hannu marar nauyi saboda rana, a kuma tattare duk abin da zai iya shiga sarƙa.

Kaya ba a goya su a baya. Jakar goyo tana tara gumi, tana danne mazaunai a kan sirdi. A rataya su gefe da gefen kariya, mai nauyi a ƙasa, a ɗan raba wani kaso zuwa gaba don kada kan keke ya riƙa rawa. Jakunkunan Ortlieb na Jamus sun yi suna wajen hana ruwa shiga, amma na ga wanda ya yanka bakin jarkoki biyu ya ɗaure su da robar tsohon tub, suka kai shi inda za shi. In ban da ruwa, kilo 15 ya wadatar. A ciki lallai a sami famfo da tub biyu da faci da sholisho, da sifana da filaya, da wayar birki, da ɗan guntun sarƙa, da wayoyin wili uku ko huɗu daidai tsayin naka, tunda na ƙafar baya su suka fi karyewa saboda nauyi. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa, don haka a goge ta da tsumma kowace yamma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Kowace safiya a bi notunan kariya a ƙara ɗaure su, domin girgizar hanya tana kwance su ba a sani ba. Gidan sauro da katin shaida da fawa bank ba a barinsu.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wasu hanyoyin Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato da yankin Birnin Gwari ba na hawa keke ba ne a halin da ake ciki, kuma babu taswirar waya da za ta gaya maka haka. Direbobin tasha su ne suka san hanyar da ta yi kyau a makon nan, a tambaye su, a sake tambaya a kowane zango. A manyan tituna kuma tirela da tankar mai su ne abin tsoro: hular kwano, riga mai haske, madubi a kan keke, sannan idan ka ji babbar mota a baya ka sauka gefe ka ba ta hanya. Mai son tsallakawa Nijar ya tuna ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, ya binciki halin iyaka da takardun da ake nema kafin ya ɗaura kaya. In an isa gari a fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, a yi sallama, a faɗi daga ina zuwa ina. Baƙon da ya gabatar da kansa da rana tsaka ba ya rasa wurin shimfiɗa, wanda ya kafa tanti a bayan gari a ɓoye kuwa ya jawo wa kansa zargi.

A Turai akwai hanyoyin EuroVelo guda 17 da aka tsara domin masu keke. A bakin kogin Danube, daga Passau zuwa Biyana, kimanin kilomita 320, iyali da yaransu sukan yi tafiyar mako guda, kusan kowane gari da masauki da mai gyara. Amurka ta buɗe hanyarta mai ratsa ƙasar daga teku zuwa teku a 1976. Mu ba mu da alluna a bakin hanya, amma muna da mai faci a kusan kowane ƙauye. Abin da ya rage mana shi ne rubutawa.

Don haka mai karatu, idan niyyar ta kama ka, fara da kwana ɗaya: ɗaura duk kayanka, je garin da bai wuce kilomita 40 ba, kwana, dawo. Duk abin da ba ka taɓa ba, in ban da kayan gyara da magani, ajiye shi a gida. In ka fita babbar tafiyar kuma, riƙe ɗan littafi ka rubuta inda ka sami ruwa, inda ka kwana, da rumfar da ke da tayar da ta hau wilinka, ka ba na bayanka.